Kawu Mai Sallamar Ƙarafa

Daga Allah muke dukanmu, kuma Kawu ya riga mu komawa gare shi ranar wata Talata cikin damina, bayan jinyar kwana uku. Wan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina aji biyu a firamare, lokacin da mahaifina ya rasu. Bakanike ne, ya yi shekara arba'in da wani abu yana kwance injin mota yana ɗaurawa a garin Minna.

Jama'a ta taru fiye da yadda muka zata. Direbobin tasha sun zo, 'yan kabu-kabu sun zo, matan unguwarmu ta Fadikpe sun cika cikin gida har aka rasa wurin ajiye takalmi. Wata dattijuwa mai injin markaɗe ta hawo motar doya tun daga Beji, ta durƙusa a ƙofar gida tana kuka. "Sau uku injina ya mutu, sau uku Baba ya tashe shi," in ji ta. "Ko ruwa bai taɓa sha a gidana ba." Wani tsohon direba kuma ya ce shi abin da ba zai manta ba shi ne zagin Kawu, wai duk wanda Kawu ya zaga a kan baƙin mai, motarsa ba ta ƙara kwana a hanya. Aka yi dariya kaɗan, aka shafa addu'a.

Sai 'yan'uwansa makanikai suka zo. Suka yi gaisuwa yadda ta kamata, suka miƙe za su tafi, idonsu ya faɗa kan jar motar da ke gefen katanga, a ɗore kan bulo, bakinta a wangame babu inji. Ɗaya ya rage murya, amma bai rage ta yadda ba zan ji ba.

"Allah ya ji ƙan tsoho. Da can hannunsa na da kyau. Sai dai ƙarshen nan."

"Tsufa ne," in ji na kusa da shi. "Irin wannan motar ba ta zamaninsu ba ce. Kashe ta ya yi kawai."

Wannan maganar ce ta sa ni rubutun nan. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana tashin matattun injuna, sannan a ce abin da za a riƙa tunawa da shi mota ɗaya ce da ya kashe. Ban yarda ba. Ina so in wanke sunansa, ko da yake na san na makara, kuma in an bi ni a hankali za a ga dalilin da ya sa nauyin wankin ya faɗo a kaina.

Motar ta zo hannunsa shekara biyu kafin rasuwarsa. Ta ɗan wani babban mutum ce, tsohuwar motar tsere mai ƙofa biyu, gajeriya har cikinta na shafar tudun hanya. Gareji huɗu ta kwana a garin nan, kowane ta fito da sabuwar cuta. Ba ta minti ashirin a kan titi sai ta tafasa, hayaƙi na bin ta a baya. Da mai ita ya gaji, sai ya ce wa Kawu, "Baba, na bar maka ita, ka ba 'yan gwangwan." Kawu bai ba kowa ba. Lokacin ya riga ya daina zuwa gareji kullum saboda ciwon gwiwa, don haka ya sa aka jawo ta gida, aka tura ta gaban rumfar kwanon da ke ƙofar gidanmu. Ranar da ya ɗaga murfin injin ina tsaye. Ya daɗe yana kallo, hannu a ƙugu.

"Wannan ai ba inji ba ne," ya ce. "Taliya ce aka juye a tukunya."

Gaskiyarsa. Tiyo da waya ne birjik, sun hau kan juna, ba ka ganin ƙarfen kansa. Kuma tana da abin da ake kira turbo, har guda biyu. Kawu ya yi mini bayaninsa: wata fanka ce a cikin gidan ƙarfe mai siffar katantanwa, hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya ta, ita kuma ta riƙa cusa wa injin iska ta dole, ƙarfinsa ya ninka. Don a haɗa aikin guda biyun ne aka jibga duk waɗancan tiyoyin. Ra'ayin Kawu shi ne, waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don ƙasar sanyi da titi mai sulɓi. A zafin Minna robar ta bushe, ta tsattsage, kuma in ɗaya daga cikin tiyo talatin ya yi huji kamar na allura, babu mai gano shi. Sai ya yanke shawarar zai kwance ta har ƙwaya, ya mayar da turbo biyu guda ɗaya mai lafiya, ya rage duk abin da ba dole ba, ya ƙara mata babban lagireto mai sanyaya ruwan inji. Wai in ya gama, ko bakaniken ƙauye zai iya buɗe ta ya gane inda ciwo yake.

Yadda yake ragewar shi ne abin kallo. Kawu yana magana da ƙarfe kamar mutum. Sai ya ɗaga wani guntun tiyo, ya kawo shi daidai hancinsa, ya ce, "Kai, me kake yi a nan?" Ya bi shi daga tushe har ƙarshe, wani lokaci yini guda. In ya gano aikinsa kuma aikin na da amfani, ya ce, "To, zauna." In bai gamsu ba, ya ce, "Na sallame ka, Allah ya ba da sa'a." Injin sanyaya ciki ya sha sallama, haka wata tankar roba da wasu akwatuna uku da har yau ban san sunansu ba. Maƙwabta sukan tsaya su saurara don nishaɗi. Daga nan ne maganar tsufa ta fara.

Amma ba kowane abu yake sallama ba, kuma nan ne masu yi masa dariya ba su fahimce shi ba. A garin nan, in mota ta ɗauki zafi, abu na farko da bakanike zai yi shi ne ya cire tamostat, wato ɗan marfin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Kowa haka yake yi. Wani matashin bakanike, cikin masu yawo da na'urar duba mota a jaka, ya leƙo wata rana ya ga Kawu ya jefa tamostat a tukunyar ruwan zafi yana jiran ya ga ko zai buɗe.

"Baba, kai da kake cire-cire, wannan ai shi ne na farkon cirewa."

Kawu bai ko ɗago kai ba. "Na tambaye shi aikinsa, ya ba ni amsa. Kai da na tambaye ka naka, me za ka ce?"

Yaron ya tafi da fushi, kuma na tabbata yana cikin waɗanda suka yaɗa cewa tsoho ya rikice. Kawu yana da baki, ban ɓoye ba. Ya fi iya lallashin ƙarfe a kan lallashin mutum.

Da ya buɗe cikin injin ya tarar rabin kayan sun cinye, sai ya tafi Kaduna da ciwon gwiwarsa, ya samo wani mataccen inji irinsa sak. Ya kwance shi ma. Ya zama komai biyu-biyu ne: fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a ramin inji, goma sha biyu alhali shida ake so, haka ringi, haka bututun mai, haka komai. Wata takwas ya yi yana wankewa da fetur, yana aunawa da wani ma'aunin ƙarfe da yake naɗewa a tsumma, yana zaɓen mai lafiya. Ga idona duk ɗaya suke, suna ƙyalli. Shi kuwa yakan ce bambancin na kirki da na banza bai kai kaurin gashi ba. Ya shimfiɗa kwalaye a daɓen rumfar daga wannan bango zuwa wancan, ya jera kayan a kai layi-layi. Ko kaza ba ta isa ta ratsa wurin ba. Yakan ce, "Kada a taɓa mini ƙasa." Mu duka mun ɗauka tsabar tsirfa ce irin ta tsofaffi.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi masa dariya ba, matarsa, wadda muke kira Inna. 'Yar Kuta ce. In mata suka zo suna yi mata jaje, wai mijinta ya koma hira da noti, sai ta ce, "Shekara talatin da takwas ina cin tuwon hannun nan. Ban taɓa ganin ya buɗe abu ya kasa rufewa ba." Shi kuma ya yi mata alkawari, ranar da motar ta tashi, ita zai fara ɗauka, ya kai ta Kuta gaida 'yan'uwa ya dawo da ita, allurar zafi ba ta motsa ba.

"A wannan akwatin?" in ji Inna. "In na shiga wa zai fito da ni?"

"Ni da na fito da inji, ke ce za ki gagare ni?"

Ta kai masa dukan wasa da mafici. Amma na ga ta sayi atamfa ta ajiye a ƙasan akwati, ta ce ta tafiyar Kuta ce.

Rigimarsa mafi zafi da amininsa ya yi ta. Wani dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, mai aikin wayar mota, muna kiransa Baba Mai Wayarin. Tun suna samari suke aiki rumfa ɗaya. Da Kirsimeti shinkafar gidansa ce abincin ranarmu, da Sallah kuma cinyar ragon Kawu tasa ce. Shi Kawu ya kira ya taya shi rage wayoyin motar. Ya zo, ya dubi shimfiɗar da ke ƙasa, ya girgiza kai.

"Abokina, ka rubuta abin nan. Ka manna takarda a kowane ɗaya. Motan nan ba ya son wasa, kuma ni da kai mun tsufa."

Kawu bai yi boko ba, kuma duk duniya babu abin da ke taɓa shi kamar a tuna masa. Ya tashi tsaye. "Takarda? Ga takardata nan a ƙasa. Wanda bai iya karanta ta ba, ba bakanike ba ne."

"Ni na iya. In ba ni fa? In ba kai fa?"

"To, fatan mutuwa kake mini a ƙofar gidana?"

Baba Mai Wayarin ya tattara filayarsa ya tafi. Wata biyar ba su yi magana ba, har rasuwar Kawu. Ina wurin aka yi, da biro a aljihun rigata. Ni malamin makaranta ne, rubutu sana'ata ce. Da na ce, "Kawu, faɗa mini in rubuta," wataƙila ya zage ni, wataƙila kuma ya yarda, don ni ba ya jin kunyata. Sai na shige gida cin abinci.

Laifin rashin sanina ma alherinsa ne ya jawo shi. Ina yaro na so bin sa gareji, ya hana. Ya kama tafin hannuna ya juya, ya ce, "Wannan ba na ƙarfe ba ne. Ɗan ƙanwata ba zai kwanta a ƙarƙashin motar wani ba." Ya sa ni makaranta, ya tsaya a kaina har na zama abin da na zama. 'Ya'yansa na cikinsa mata ne, duk suna gidajen aurensu. Ni ne namijin gidan, kuma ban san fistin daga murfin kwalba ba.

Saura kaɗan ya fara ɗaurawa ciwon ya kama shi. Ranar Asabar ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, muka kai shi asibiti, ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Kafin azahar mutane sun fara cika ƙofar gida, ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Ba a kawo rumfar haya ba tukuna. Wuri ɗaya ne mai rufi da zai ɗauki masu zaman makoki. Wani dattijon unguwa ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, a gyara wurin nan a shimfiɗa tabarmi, kada ruwa ya doki mutane." Magana ce ta hankali, kowa zai faɗe ta. Ba a barin masu gaisuwa a tsaye.

Na ce kada kowa ya sa hannu, ni zan kwashe da kaina, don kada wani abu ya ɓata. Kuma na yi aikin da natsuwa, irin yadda nake shirya ofishin makaranta. Na samo buhuna da bokitai. Na bi layi-layi ina tsince kowane iri ina haɗa shi da ɗan'uwansa: fistin duka goma sha biyu a buhu ɗaya, ringi a roba ɗaya, bututu da bututu, tiyo da tiyo, noti da noti. Har na ɗauko alli na rubuta sunan abin da na sani a jikin kowane buhu. Na tuna ina yi ina kuka, ina ce wa raina ko ba komai na adana wa Kawu kayansa tsaf. Aka share daɓe, aka shimfiɗa tabarmi, ruwa ya sauko, ba wanda ya jiƙe.

Baba Mai Wayarin yana garinsu lokacin, sai ranar sadakar bakwai ya iso. Ya shiga ya gaida Inna, ya fito idonsa jawur. Ya ja ni gefe.

"Ɗana, mun rabu da fushi, ni da shi. Abu ɗaya ya rage da zan yi masa. Zan tashi motan nan, in rufe bakin mutane. Nuna mini ƙasan."

Na kai shi ɗakin ajiya, na nuna masa buhunan, har da ɗan alfahari. Ya buɗe na farko. Ya zura hannu ya ɗago fistin biyu, ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sai ya zauna a kan bokiti.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Babu abin da ya ɓata, na ƙirga."

Ya mayar da su cikin buhun. Sannan ya yi mini bayani a hankali, ba faɗa. Duk abin da Kawu ya ajiye a hannun dama, shi ne zai koma cikin mota. Na hagu, wanda ya sallama ne. Kowane layi na rami ɗaya ne a cikin ramukan injin guda shida, kuma abin da ya fi kusa da ƙofa shi ake fara ɗaurawa. Haka yake aiki tun suna samari. "Da ka bar shi yadda yake, sati ɗaya ya ishe ni. Yanzu aikin wata takwas ya koma buhu. Ni mai waya ne, ban iya awonsa ba, kuma ban san wanda ya iya ba a garin nan." Da zai tafi ya ce, "Ba za a ji daga bakina ba. Amma ka bar shi haka. Kada ka bari kowa ya haɗa. In ya tashi ya mutu, sunan abokina za a kira."

Amma ban ji maganarsa ba. Wata huɗu ina kwana ina tashi da abin. Duk sanda na wuce bakin gareji sai in ga kamar da ni ake. Na ce a raina, rabin kayan nan masu kyau ne, Allah na iya sa a dace. Na nemo wani bakanike da ake yabo, na ba shi buhunan, ban gaya masa komai ba sai cewa ga kayan da Kawu ya bari. Ya zaɓa da ido. Wanda ya fi ƙyalli shi ya ɗaura. Cikin sati uku ya gama, ya murza makulli, motar ta yi tari sau biyu ta kama. Ƙararta ta cika Fadikpe. Inna, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, ta fito ƙofar gida tana dariya tana share hawaye. "Na gaya muku," take cewa. "Na gaya muku."

Na ce mata bari mu gwada hanyar tukuna, in lafiya gobe sai mu tafi da ita. Muka ɗauki hanyar Kuta ni da bakaniken, ni ke tuƙi. Har muka wuce Maitumbi tana tafiya kamar ba ta taɓa ciwo ba, in ka taɓa totur sai ta manna ka da kujera. Allurar zafi ba ta motsa ba, wannan kam na gani da idona, kuma aikin Kawu ne. Na fara yi masa magana a zuciyata. Ba mu kai Gwada ba wani ƙara ya taso daga ƙasa, kamar ana buga guduma a cikin tukunya. Jar fitila ta kama. Farin hayaƙi ya rufe madubin baya. Bakaniken ya ce in kashe, kafin in kashe ta mutu da kanta.

Ya leƙa ƙasa ya ga baƙin mai na zuba a kwalta. "Inji ya buga," ya ce. "Wannan ba ya gyaruwa kuma. Kayan da tsohon ya tara ne ba su da kyau."

Ban san wanne ne ya kashe ta ba, ko bututun mai da ya toshe ta ciki, ko wani fistin da Kawu ya riga ya yi wa fatan sa'a. Na dai san daga hannun hagu ya fito.

Wata motar doya ce ta jawo mu da igiya. Hanyar gida ta gaban garejin su Kawu ta bi, ina zaune a bayan sitiyari, gilashi a sauke, kowa ya fito yana kallo. Wani ya ce, "Aikin tsoho ke nan." Na ji shi sarai, na kau da kai. Baba Mai Wayarin bai zo ya ga wannan ba. Da labari ya kai masa bai ƙara tako unguwarmu ba, daga baya ya koma garinsu gaba ɗaya.

Da aka kwance igiyar a ƙofar gida, Inna na tsaye. Ta dubi motar, ta dubi layin man da ya biyo mu.

"Ta kai?"

"Ba ta kai ba, Inna."

Ta sake duban motar. Sannan ta gyara mayafinta.

"To," ta ce. "Ashe gaskiyar mutane ne. Allah sarki, ashe tsufan ya taɓa shi ban lura ba."

Ta juya ta shiga gida. Shekara uku ke nan. Ba ta ƙara gardama da kowa a kansa ba. In an yabi aikinsa, sai ta ce, "Da can kam."

Ya Allah, bawanka ya yi aikinsa daidai, ni shaida ne, kuma ni na ɓata. Ka gafarta masa zafin bakinsa, ka yalwata masa makwanci, ka ajiye shi a hannun dama. Makanikan garin nan ba za su karanta wannan ba, Inna kuma ba ta karatun boko. Kullum da safe nakan durƙusa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, da niyyar yau zan faɗa. Sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, kai kaɗai ka tsaya wa Kawunka." Sai in ce amin, in tashi.